Saƙon da Aka Ba Gajere

Duk wanda ya taɓa ƙetare reshen tafkin Bakolori ta wajen Maradun ya san Gajere mai kwale-kwale. Ba wai ya fi kowa iya tuƙi ba ne. An san shi da abu guda: ranar Talata, ranar da duk mai ƙafa ke tafiya kasuwar Mafara, shi yana bakin ruwa tun fitowar rana har faɗuwarta, ko da kuwa akuya ba ta zo ƙetarawa ba. Baƙi kan ce son aiki ne. Waɗanda suka san shi tun yana masinja sai su kau da kai su ɗauko wata magana.

Sunansa na yanka Abdulhamid, amma tsawo bai yi masa adalci ba, kuma laƙabi ya riga suna isa ko'ina. Da aka tashi ƙauyensu don ruwa ya zauna a wurin, gonar da ya samu a sabon mazauni tsakuwa ce zalla. Sai ya shiga aikin ofishin ban-ruwa. Aka ba shi keke da jakar fata, ya zama mai kai takardu daga Maradun zuwa Mafara zuwa Bakura. Ya auri Taibatu, 'yar Malami na Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye a fadama bayan Damri, inda mota ba ta shiga.

Abin ya faru ne wata Talata a ƙarshen damina. Tafki ya cika ya batse. Gajere yana ɗakin awon ruwa can ƙetare tare da injiniya, da hantsi aka yanke cewa za a buɗe ƙofofin madatsa da la'asar. Manyan garuruwa an aika musu mota. Tungar Gawo kuwa aka rubuta takarda aka miƙa masa, tun da gidan surukansa ne, ya san hanya: kowa ya kwashe shinkafarsa da dabbobinsa daga fadama.

Tsakaninsa da shagon da kekensa yake akwai reshen tafki, faɗinsa ya kai mil guda. Mai kwale-kwale ya tafi kasuwa. Gajere ɗan bakin gulbi ne, ya iya iyo tun kafin ya iya riƙe fartanya, ruwa bai taɓa ba shi tsoro ba. Amma da ya tsaya a gaɓa, sai ya ga kan wata kuka ya leƙo a tsakiyar ruwan. Ya san kukar. A gindinta maƙabartar tsohon garinsu take, kuma mahaifiyarsa na kwance taku bakwai daga jijiyarta ta gabas. Tun yana yaro an hore shi ba a tsallake kabari. Yanzu kuma a ce ya bi ta kan nata, ciki a ƙasa, yana shure-shure da ƙafafu?

Ya zauna gindin wani marke, ya ce bari ya ɗan jira. Ya jira har azahar. Mai kwale-kwale ya dawo, wani baƙo ne da ya bar ƙasar bayan kaka, ya ƙetarar da shi. Gajere ya taka keke kamar zai karya shi, inda laka ta hana keke ya ajiye shi ya sheƙa da ƙafa. Ya isa Tungar Gawo da magariba. Ruwa ya riga shi. Shinkafar Malami ta tafi, kuma Ayuba, babban ɗansa, da ya koma kwance shanun noma, ba a same shi ba sai washegari, a maƙale cikin geza.

Ba wanda ya tuhumi Gajere. Shi ya fara magana tun ba a tambaye shi ba. Ya ce ya faɗa ruwa da kayan jikinsa, takarda a baki, igiyar ruwa ta ja shi ta yar can nesa, ya sha wuya kafin ya fita. Ya ce babu ɗan Adam ɗin da zai yi iyon nan, ya taka keke mil talatin, ya yi gudun mil goma cikin laka, ya iso kafin la'asar. Malami ya dafa kansa ya ce, “Ka yi iyakar yinka, ɗana. Abin da Allah ya rubuta ba ya kankaruwa.”

Shekara huɗu Gajere na cin tuwon wannan magana. In ya je Tungar Gawo, shi ake shimfiɗa wa tabarmar da Ayuba ke zama. Tsohon ya ba shi garmar Ayuba, ya ba shi butarsa. Labarin ma ya yi ta girma a bakin mutane, har aka ƙara masa kada. Shi kansa ya faɗe shi sau da yawa har wani lokaci yakan ji sanyin ruwan da bai shiga ba.

Sai ga wani Bature injiniya, dogo mai jan wuya, ya zo da wata sabuwar tsirfa. Ya ce a can wajensu an fara wani tsere mai hawa uku: iyo, sannan keke, sannan gudu, duka a yini ɗaya ba hutu. Yana so ma'aikata su gwada. Ya tambaya wa ya fi sanin hanyoyi, aka nuna masa masinja.

Gajere ya tsuguna ya zana masa hanya a ƙasa da tsinke. A tashi daga ɗakin awon ruwa da hantsi. A ƙetare reshen tafki ta gefen kuka. Keke ta Mafara har inda titin jan ƙasa ya ƙare bayan Damri. Gudu har gindin gawon da ke ƙofar Malami. A yi shi ƙarshen damina, kuma wanda la'asar ta riske shi a hanya ya faɗi. Bature ya yi murna, ya rubuta. Da ya tambayi masu shiga, Gajere ne ya fara ɗaga hannu.

Me ya kai shi? Ya gaya wa abokan aiki rediyon da aka sa kyauta ga ukun farko yake so. Ya gaya wa kansa so yake mutane su gani da idonsu cewa abin ba ya yiwuwa, ko da Turawa ne. Amma mai son ya kasa ba ya yin abin da Gajere ya yi wata bakwai.

Da sassafe yakan shiga babbar magudanar ban-ruwa, ya yi iyo yana fuskantar ruwa daga gada zuwa gada, mata masu wanki suna dariya suna cewa masinja ya zama kwaɗo. Matsattsaku suka sha jininsa. Tsargiya ta kama shi, ya yi mako biyu yana fitsarin jini, ya sha magani, ya koma. Ya ɗaura buhun yashi a bayan keke yana kai takardunsa da shi. Ya gano cewa in mutum ya sauka daga keke ya fara gudu, ƙafafunsa kan zama kamar na aro, sai ya riƙa jingine keken a Damri da rana tsaka yana bin gaɓar fadama da takalmin taya, ƙuli-ƙuli da dabino a aljihu. Abu guda ne bai yi ba: bai taɓa sa ko yatsa a reshen tafkin ba.

Jibo, taubashinsa mai gyaran keke a bakin kasuwar Mafara, shi ke canza masa sarƙa.

“Kai ɗan wagga tsohuwa, mi kaka nema ne?” in ji Jibo, yana shafa baƙin mai. “Mutum duka tsawonai bai kai kara biyu ba, shina son tsere da Nasara. In kifi ya haɗiye ka, wa za ya biya ni wahalata?”

“Gyara ka ba ni, bawan gidanmu.”

“Bawanka na nan tahe. To wai tsaya. Kai da bakinka ka ce ba mahaluƙin da ka yin wagga tahiya kahin la'asar. In ka yi ta hwa?”

Jibo wasa yake. Ya yi dariyarsa ya juya taya. Gajere ya karɓi keken ya tura shi har ƙarshen layi kafin ya tuna ana hawa.

Ana saura kwana uku, ya dawo daga gudu da la'asar sakaliya, ya tarar Taibatu ta ɗaure kayanta da na yara. Ta ajiye masa fura, ta jira ya sha rabi.

“Malam, zan tafi gida gobe. Can za ka iske ni.”

“To. Kin kyauta. Kya ga isowata.”

Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan kwalin ashana, ya tsufa har zanen jikinsa ya goge. Ta ajiye shi kusa da ƙwaryar.

“Ka san wannan?”

“Ashana ce.”

“Taka ce. Ranar nan ina gidan Baba wankan jegon 'yarmu Bilkisu, ni na karɓi kayanka zan wanke. Tana cikin aljihun wandonka. Da safe da aka kawo Yaya Ayuba, duk gidan ba wuta, komai ya jiƙe. Na ƙyasta ɗaya, ta kama nan take. Da ita aka ɗumama ruwan wankansa.”

Gajere ya riƙe ludayi a sama. Kaza ta zo ta tsaya bakin ƙwarya, bai kore ta ba.

“Mutum ya yi mil guda cikin ruwa da kayansa,” in ji ta, “ashanarsa ta fito a bushe.”

“Shekara huɗu kina ajiye da ita.”

“Shekara huɗu ina dafa maka tuwo.”

“Kin gaya wa Baba?”

“Ba ni aka ba saƙo ba.”

Ya so ya ce mata kukar ce, ya so ya ce Inna ce. Ita ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa don yara na tsakar gida.

“In ka iso bayan la'asar, kowa zai ce ai ga shi, gaskiyar Gajere ce. Baba zai ƙara sa maka albarka. Ni kuma zan biyo ka mu dawo, in ci gaba da yin shiru, na saba. In ka iso kafin nan, ban san abin da zai faru ba. Ban san ko zai bar ni in biyo ka ba. Ban san ko ni zan so ba. Ka zaɓa, ƙafafunka ne.”

Ta mayar da ashanar bakin zane.

Ranar tsere mutum goma sha ɗaya suka jeru a gaɓa: Turawa uku, direbobi, wani malamin makaranta, wani maigadi tsohon soja. Kwale-kwale biyu na jira don tsamo wanda ya gaza. Aka busa usur, mutum goma suka faɗa ruwa.

Gajere na tsaye. Marken nan na nan a bayansa, inuwarsa ta ƙara faɗi. 'Yan kallo suka fara surutu. Wani ya ce ai ruwan nan ya taɓa wahalar da shi, dole ya ji tsoro. Ga hanya an buɗe masa tun bai nema ba: ya juya kawai, a tausaya masa.

Ya dubi kukar. Ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen maƙabarta, a hankali, kamar mai shiga ɗakin da ake barci. Ya ce, “Inna, zan wuce ta kanki. Ki yafe mini.” Sannan ya shiga.

Ruwan ba shi da igiya ko kaɗan. Wannan ne ya fara dukansa. Lumui yake, da ɗumi a sama, sanyi a ƙasa inda ƙafa ke kaiwa. Da ya kusa kukar ya rufe ido, yana jira wani abu ya riƙe shi, ko hannunsa ya mutu, ko ƙirjinsa ya tsaya. Wani reshe ya goge shi a cinya. Ya haɗiyi ruwa, ya yi tari, ya buɗe ido. Kukar na bayansa. Belbela biyu na zaune a kanta, ko tashi ba su yi ba. Abin da ya hana shi shekara huɗu da suka wuce bai kai tsawon karatun Fatiha ba.

Ya fito na bakwai. Jibo na riƙe da keken.

“Kifi ya ƙi ka, ko? Ya ce ba ya cin guntu. Hau, hau.”

Daga nan zuwa Mafara hanyar gidansa ce, ya san kowane rami da sunansa. Ya wuce direbobi biyu a hawan dutse. Ya wuce malamin makaranta zaune gefen hanya, tayarsa ta fashe, yana fifita da hula. Ya ratsa Mafara tun kafin azahar, yara na binsa da ihu, ya bi gefen magudana inda albasa da alkama za su fito in rani ya yi. Cinyoyinsa suka fara wuta. Ya tauna dabino, ya tofar da ƙwallo, bai sassauta ba. Duk lokacin da ya ji ƙafarsa na neman ragewa, sai ya rasa gane ko gajiya ce ko wayo, sai ya ƙara takawa don kada ya zama wayon ne.

A bayan Damri jan ƙasa ya ƙare. Ya jingine keke, ya sauka kan ƙafafun aro.

Laka ta cinye takalminsa ɗaya a mil na biyu, ya cire ɗayan ya yar. Shinkafa ta nuna dama da hagu, ga tarin dami a masussuka, daidai yadda suke a waccan shekara. Ya tarar da ɗaya daga cikin Turawan kwance gindin giginya, fuska ja wur, ana zuba masa ruwa. Wani manomi ya ce masa, “Sannu masinja, zauna ka huta. Mutum shida sun aje. Ba abin kunya ba ne.”

Ya tsaya. Ƙirjinsa na bugu har cikin kunne. Inuwar giginyar na da sanyi. Ya dubi tasa inuwar a ƙasa: in ta kai tsawonsa, la'asar ta yi. Da saura. Saura da yawa. In ya zauna nan ya sha ruwa, ya miƙe ƙafa, ya bari jijiya ta ɗaure, ba sai ya yi wata ƙarya sabuwa ba. Tsohuwar ƙaryar za ta ci gaba da aiki da kanta. Tabarmar Ayuba, butar Ayuba, Taibatu da shirunta.

Ya karɓi ruwan ya zuba a ka, ya ce, “An ba ni saƙo,” ya wuce. Manomin ya bi shi da kallo.

Mil ukun ƙarshe ba gudu ba ne sosai, wani abu ne tsakanin gudu da faɗuwa. Ƙaya ta shige shi a dunduniya, bai tsaya cirewa ba. Da ya hango gawon, sai ya ga duk ƙauyen a ƙarƙashinsa. Dogon Bature ya riga ya iso, da tsohon sojan. Mata suka fara guɗa. Aka riƙe shi, aka ɗaga hannunsa, wani na cewa na uku, na uku.

Guɗar ba ta daɗe ba. Wani dattijo ya dubi rana, ya dubi ƙasa. Na kusa da shi ma ya duba. Inuwar Gajere na kwance gabansa, guntuwa, ko kusa da tsawonsa ba ta kai ba. Ladan bai ko ɗauki buta ba tukuna. A ƙauyen nan ba wanda bai haddace maganar Gajere ba: babu ɗan Adam ɗin da zai iso kafin la'asar.

Wani mai kirki ya ce, “To ai bana ya yi horo. Kuma waccan shekara ruwa ya fi ƙarfi.” Aka ce haka ne, haka ne. Suna miƙa masa igiyar tsira.

Taibatu na tsaye a bakin zaure, mayafi a ka, hannunta ɗaya a bakin zane. Ta matsa gefe ta ba shi hanya.

Malami na ciki kan buzu, idanunsa sun fara hazo. Gajere ya tsuguna tun daga ƙofa, laka har gwiwa, jini na bin dunduniya. Suka gaisa yadda aka saba, lahiya, gajiya, iyali, ruwa, aiki, bai tsallake ko ɗaya ba. Da gaisuwa ta ƙare ba sauran wurin ɓuya.

“Baba, ranar nan ban shiga ruwa ba. Na zauna gindin marke har azahar. Kabarin Inna na ƙasan wurin, na kasa. Da na shiga, da na iso kamar yanzu.”

Tsohon ya daɗe yana murza ƙwayar carbi ɗaya bai wuce ta ba. A waje Bature na tambaya ina na uku ya shiga, a ba shi kyautarsa.

“Kamar yanzu,” in ji Malami. Ya juya fuskarsa wajen hasken ƙofa, kamar mai auna shi. “Da Ayuba ya kwance shanun ya dawo ya yi alwala.”

“Haka ne, Baba.”

“Ka kiyaye haƙƙin wadda ta mutu, ka bar mai rai.”

“Haka ne.”

“Kuma ka bari ina sa maka albarka shekara huɗu.”



Ladan ya kira salla. Malami ya miƙe da kansa, ya ƙi hannun da aka miƙa masa. A bakin ƙofa ya tsaya, bai waiwayo ba.

“Butar Ayuba, ka aiko da ita.”

Taibatu ba ta bi shi ba ranar. Ta zauna gidan ubanta har aka yi girbi, aka yi sussuka, aka shiga rani. Gajere ya aika da butar, ya haɗa da garmar da ba a tambaya ba. Ya ajiye aikin masinja, ya sayar da rediyon, ya sayi tsohon kwale-kwale ya lilliƙe shi da kwalta. Wata Talata, wata biyar bayan nan, yana zaune a gaɓa ba kowa, sai ga mace da yara biyu da ƙullin kaya a ƙetare, tana ɗaga hannu. Taibatu ce. Ya tuƙa ya je. Ta shiga ta zauna, ba ta gaishe shi ba sai da suka wuce kukar.

Malami ya rayu shekara shida bayan haka. Yana amsa gaisuwar Gajere har ƙarshenta, amma bai sake ce masa ɗana ba, kuma tabarmar da ake shimfiɗa masa ta baƙi ce. Gajere bai taɓa neman a canza ba. Kwalin ashanar yana cikin wata 'yar gwangwani a ƙarƙashin mazaunin kwale-kwalen, saura tsinke huɗu a ciki, ba a ƙyasta su.